An yi mini tayin 406 ta hannu, ta ina zan gane yadda aka riƙe injinta?

Manomin Riɗi, Gagarawa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana mota, musamman kanikawa da direbobin da suka daɗe a kan hanya.

Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, ina kuma koyarwa a firamare. Bana Allah ya sa wa riɗi albarka, na haɗa da kuɗin bijimin da na sayar, ina son sayen mota. Ba don ado ba ne. Mahaifiyata ta manyanta, ciwon ƙafa ya matsa mata, duk wata sai an kai ta asibiti a Gumel, kuma goyon babur a cikin yashin nan namu ya fara fin ƙarfinta. Idan motar ta samu, za ta kuma riƙa ɗaukar mini 'yan buhuna zuwa kasuwa.

Wani dillali ya nuna mini Peugeot 406 mai dogon baya, giyar hannu, ƙirar 2002, ya ce injinta EW10 ne. Ta wani dattijo ce, tsohon ma'aikacin gwamnati. Beljiyam ya saye ta shekaru da dama da suka wuce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya jingine ta, sai jefi-jefi yake fita da ita. Mita tana nuna kilomita 148,000. Jikinta ba laifi, kujeru ba su yage ba, injin kuwa an wanke shi tas har yana ƙyalli. Da yamma na je, na tarar an riga an tayar da ita, ƙararta kuma ta yi mini daɗi a kunne.

Abin da ya hana ni barci shi ne, jiki ina ganinsa da idona, amma cikin inji ba na gani. Na tambayi takardun gyara ko rasit na juye, dillali ya ce a ƙasar nan wa yake ajiye irin wannan. Abin da kawai na samu a aljihun gaban mota wani ɗan littafi ne da Faransanci, cike da hatimai, ban iya karanta shi ba. Ga shi yana matsa mini in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai mai zuwa daga Malam Madori da kuɗi a hannu.

Kuɗin nan gumin damina guda ne. In inji ya buga mini bayan wata biyu, ba ni da abin sayen wani. Don Allah me zan duba, wa zan tambaya? Kuma zaman da ta yi a ajiye, alheri ne kamar yadda dillali yake faɗa?

Bakaniken Haɗeja

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya.

Kada ka ba da ko sisi sai ka ga motar nan da sanyin safiya, ta kwana ba a taɓa ta ba. Ka ce wa dillali za ka zo bayan sallar asuba, kuma kada kowa ya tayar da ita. In ka isa, a buɗe bonet, ka ɗora tafin hannunka a kan inji kafin a sa makulli. Ka ji ɗumi, to an riga ka, ka yi musu sallama ka sa wata rana. Inji mai ɗumi yana ɓoye kusan duk abin da kake son ji da gani: ƙarar metal na ƙasan inji, hayaƙin farko, wahalar tashi. Wankin da aka yi masa ma bai faranta mini rai ba. Na fi son in ga inji da ƙurarsa, domin ƙura ce take nuna inda mai yake tsatsafowa.

Tun kafin a tayar, zaro geji, ƙarfen awon baƙin mai. Ganin sabon mai fes ba hujja ba ne, kowa yana iya yin juye ana gobe za a sayar. Murza man tsakanin yatsu biyu. In ya yi kauri fiye da kima, yana danƙo, yana jan zare in ka raba yatsun, an zuba masa abin ƙara kauri don a rufe bakin ƙara ko hayaƙi. Daga nan kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi ka dubi cikinsa, sannan ka haska ramin da fitilar wayarka. Nan ne littafin sabis na gaskiya yake. Injin da ake yi wa juye a kan lokaci, ƙarfen cikinsa za ka gan shi ruwan zuma ko ja-ja, a wanke. Wanda ake bari mai ya ƙone a ciki, za ka ga baƙin abu ya daskare ya kama ƙarfe, har kana iya kankaro shi da farce. Wannan juyen kwana ɗaya ba ya goge shi, shekaru ne suka tara shi. In kuma ka ga wani abu fari-fari mai kauri a jikin murfin, ana zargin ruwa yana haɗuwa da mai. Motar da ba ta yin doguwar tafiya takan ɗan yi haka saboda raɓa, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi kaɗai, sai an haɗa da abin da ruwa ya nuna.

Buɗe wurin ruwa tun inji yana da sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, na ga wanda fuskarsa ta saɓule a kan haka. Ruwan da ya kamata ya kasance a ciki mai launi ne, kore ko ja ko shuɗi. In ka tarar da jan ruwan tsatsa, ruwan rijiya ko na burtsatse aka daɗe ana ɗura mata, kuma shi yake toshe lagireto ya cinye famfon ruwa. In mai yana yawo a samansa, magana ta ƙare, ka tafi gida. Ka sa a buɗe gidan filtar iska ma. A ƙurar hunturunmu, in filta ta yage ko babu ita gaba ɗaya, yashi ne yake shiga silinda yana cin ringi. Sa yatsa a cikin bututun da ke bayan filta, in ya fito da ƙura, ka san abin da injin ya sha.

To sai makulli. Murza shi rabi, kada ka tayar. Dole fitilar mai, da ta batir, da ta hoton inji su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ba lafiya ce ta hana ta ba, cire ƙwanta aka yi ko aka rufe ta. Ta mai kuwa ya kamata ta ɗauke nan take. In ta yi jinkiri, ko tana ƙyaftawa a silo bayan inji ya yi zafi, ƙarfin mai ya yi ƙasa, kuma wannan aikin sauke inji ne.

Wani ya tayar, kai ka tsaya a baya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi mai warin ƙonannen mai, tana shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda bai daina ba bayan inji ya ɗumama, ruwa take ƙonawa, gaskit ne ko top, wato kan inji. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, wannan ya fi sauƙin gyara. Ɗan farin tururi da safe a lokacin sanyi ba komai ba ne. Ka dawo gaba ka kasa kunne. Ƙaramar ƙara kyas-kyas daga sama wadda ta ɓace cikin 'yan daƙiƙoƙi, mai ne bai gama hawa ba. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙwan-ƙwan, wadda take ƙaruwa in an taka totur, metal ne. Sannan ka leƙa wurin ruwa tana silo tun bai yi zafi ba, in kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce take shiga ruwa.

Yanzu zancen da ya fi duk waɗannan a wurina, wato tayamin bel. EW10 da bel yake aiki, ba da sarƙa ba. A irin wannan inji, bawul da fistin wuri ɗaya suke shiga, bel ne yake tsara musu lokaci don kada su haɗu. Ranar da ya tsinke kana tafe, fistin zai daki bawuloli ya lanƙwasa su, kuma ba ya ba da sanarwa, ba ƙara ba hayaƙi. Famfon ruwa ma a kan bel ɗin nan yake, in ya cije sai ya tafi da shi. Ka ga inda zancen dillali ya karye ke nan. Bel roba ne, shekaru suna cin sa ko mota tana tafiya ko tana kwance, balle a zafin bazarar nan tamu. Shi ya sa littafin mota yake ba da wa'adi biyu, na kilomita da na shekaru, wanda ya riga cika. Motar da aka jingine tun 2023, robobinta sun bushe, fetur ya tsufa a tanki, wataƙila ɓera ya yi gida a wayoyinta. Ni a garejina, a hanyoyinmu na burji da yashi, ba na barin bel ɗin 406 ya haura kilomita 60,000. Wanda kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, ina lissafa shi a matsayin wanda wa'adinsa ya cika.

Ka duba waɗannan ka dawo mana da abin da ka gani.

Direban Gumel zuwa Kano

Oga na Haɗeja ya faɗi gaskiya, ba abin da zan cire. Amma Oga, kai kunnenka ya shekara nawa yana sauraron inji? Malam ɗin makaranta ba zai bambance kyas-kyas da ƙwan-ƙwan a rana ɗaya ba. Malam, ka ɗauki bakanikenka ka tafi da shi, ka biya shi kuɗin yininsa daga aljihunka. Kada ya zama wanda dillali ya kawo, kada kuma ya zama mai jiran la'ada in ciniki ya faɗa.

Ni abin da na fi yarda da shi mutane ne. Tarihin motar da ta daɗe a gari ɗaya yana bakin mutum uku: mai ita, bakaniken da yake taɓa ta, da yaron da yake yi mata juye. Ka tsallake dillali ka je ka gaishe da dattijon nan da kanka, a ƙofar gidansa, cikin girmamawa. Dillali neman la'adarsa yake, amma dattijon da ya riƙe mota shekaru yawanci yana jin daɗin ba da labarinta. Ka ce, Baba, wa yake duba maka ita? In ya faɗi suna ɗaya ba tare da dogon tunani ba, alama ce mai kyau. Motar da take yawo gareji-gareji ita ce abin tsoro, kowa ya taɓa ya bar nasa.

In ka je wurin bakaniken, kada ka ce ta taɓa tafasa? Zai ce a'a don kare mai gidansa. Ka ce, lokacin da ta tafasa ɗin nan, me kuka yi mata? Ka tambaye shi wane mai suke zuba mata, na galan rufaffe ko na awo da ake sayarwa a bakin titi. Ka tambaya ko ana canza filtar mai duk juye, don akwai masu juye uku a kan filta ɗaya. Ka tambaya ko Baba yana zuwa ƙarin mai tsakanin juye da juye, kuma lita nawa.

Mita kuwa ka manta da ita. Kai da ka sayar da bijimi ka sani, mai saye ba ya tambayar dillali shekarunsa, baki yake buɗewa ya dubi haƙora. Dubi robar kuloci da ta birki, dubi inda hannu yake kama sitiyari, dubi kan giya da gefen kujerar direba. In roba ta cinye har ƙarfe ya leƙo, ba 148,000 ba ce.

Abu ɗaya da Oga bai ambata ba: ruwa. Ambaliyar 2022 ta shafi wurare da yawa a Jigawa, kuma motoci sun yi iyo a shekarar. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, leƙa ramin safaya, dubi ƙarafan da kujera take gudu a kai. Busasshen laka ko tsatsa a waɗannan wuraren ba daga wanki suke zuwa ba.

Mutumin Malam Madori kuwa, bar shi ya zo. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa.

Ɗan Kwatano

Malam, ɗan littafin nan da ka ce ba ka iya karantawa ba, kada ka raina shi. Na daɗe ina ɗauko motoci daga Kwatano, kuma ba kowace ce take isowa da shi ba. Littafin sabis ne. A Turai duk lokacin da aka kai mota gareji, sai su buga hatimi, su rubuta kwanan wata da kilomitar da take a ranar. Lambobi ai ba su da yare, kai ma za ka iya karanta su. Buɗe hatimi na ƙarshe ka ga kilomita nawa aka rubuta, ka gwada da abin da mita take nunawa yau. Ka kuma bi tazarar da ke tsakanin hatimai, ko ana kai ta a kai a kai ne, ko akwai shekarun da aka tsallake.

Kalmomi biyu za ka nema. Inda aka rubuta vidange, juyen mai ne. Inda aka rubuta courroie de distribution, tayamin bel ne. Wani lokaci ba a littafi suke sa shi ba, 'yar takarda suke mannawa a cikin bonet ko a jikin ƙofar direba. In kana son a karanta maka shi duka, ai kana kusa da Maigatari, ranar Alhamis ba za ka rasa ɗan Nijar mai Faransanci a kasuwa ba.

Amma ka fara tabbatar da cewa littafin na motar ne. A shafin farko akwai lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17. Ta Peugeot ƙirar Faransa da VF3 take farawa. Ka gwada ta da wadda aka buga a jikin mota, da ta takardar kwastan, da ta takardun mallaka, harafi da harafi. Lambar inji ma ka sa bakanike ya nemo ta ya gwada da takarda. In ta bambanta, an taɓa canza inji. Wannan ba lallai ya zama aibi ba, mutane da yawa suna ɗora injin Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano su yi shekaru lafiya. Sai dai in haka ne, hatiman littafin labarin wani inji suke bayarwa, ba wanda ke cikin motar ba.

Wasu za su ce ka duba Carfax, shafin tarihin motoci, a intanet. Wannan ya fi amfani ga motocin Amurka da Kanada, irin su Camry da Accord da Sienna, waɗanda lambar shasinsu take farawa da 1 ko 2 ko 4 ko 5. Na Amurka kuwa a tuna da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. A ƙasar Beljiyam akwai takardar da ake kira Car-Pass tun 2006, wadda take jera kilomitar mota duk lokacin da ta shiga gareji, an kuma yi ta ne musamman saboda masu mayar da mita baya. Da wuya ta biyo mota har nan, amma ka zazzage aljihun gaba da kyau ko Allah zai sa.

Manomin Riɗi, Gagarawa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na je da sassafe tare da wani bakanike ɗan garinmu, kuma inji da sanyinsa muka same shi. Ga abin da muka gani.

Ta tashi bugu ɗaya. An ji 'yar ƙara daga sama, kafin in gama kasa kunne ta ɓace. Fitilar mai ta mutu nan da nan. Ba shuɗin hayaƙi, ko da aka taka totur. Cikin murfin mai ja-ja ne mai duhu, ba daskararren baƙi. Ƙarƙashin kafet a bushe yake, ba laka.

Amma fitilar hoton inji ba ta kama ba sam. Ruwan lagireto ja ne jawur na tsatsa, ko da yake ba mai a kansa, kumfa ma ba mu gani ba. Ana murza makulli fanka take kamawa, ba ta kuma tsayawa. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a kan kwalta, allurar zafi ba ta ko kusanci tsakiya ba. Bakanikena ya nuna mini jan gam da ya leƙo a gefen murfin saman inji.

Littafin na motar ne, lambar shasi ta yi daidai, ta inji ma haka. Sai dai hatimin ƙarshe 171,000 aka rubuta, mita kuwa 148,000, ga shekarun da ta yi a hannun Baba a kai. An rubuta canjin bel sau ɗaya, tun tana can.

Na gaishe da Baba kamar yadda Direba ya ce. Mutumin kirki ne, har fura ya sa aka kawo mana. Ya ce shi yadda ya sayi mitar haka ya bar ta. Shi da kansa ya aika aka kira bakanikensa. Wannan ya ce man galan suke zuba mata, ba ta neman ƙari, amma ta taɓa tafasa a hanya da bazara, suka canza gaskit, daga nan suka cire tamostat, mai daidaita zafin inji, suka haɗa fanka kai tsaye. Da na tambayi bel, ya ce shi dai bai taɓa canza shi ba, tunda bai ba da matsala ba.

Oga na Haɗeja, in saya ko in haƙura?

Bakaniken Haɗeja

Malam, ka yi aiki mai kyau. Abin da ka kawo ya fi rasit ɗari.

Ƙasan injin nan, bisa abin da ka faɗa, yana da rai. Ba ƙara, ba hayaƙi, mai yana hawa da wuri, cikin murfi a wanke. Baba ya riƙe juye da amana, kuma shi ne abin da kuɗi ba ya gyarawa daga baya. Mita ta yi ƙarya, amma tunda ka san haka, ka ɗauka motar ta haura 200,000 nesa ba kusa ba, ka yi ciniki a kan haka.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne sama. Top ɗin EW10 na aluminiyam ne, in ya sha zafi sosai yakan ɗan karkace. Koma ka tambayi bakaniken Baba: da suka canza gaskit, sun kai top an auna an goge shi, ko ɗora sabo kawai suka yi suka ɗaure? Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye kuwa al'ada ce da ta yi mana katutu a garejojinmu, ni kuma ba na goyon bayanta. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kai wa nan, kwamfutar mota tana ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur. Ka sha mai da yawa a wannan tsadar, fetur ya riƙa wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Mafi muni, yana rufe ainihin abin da ya sa ta tafasa tun farko, wanda nake zargin toshewar lagireto ne, ganin irin ruwan da ka tarar.

Abu biyu suka rage kafin ka biya. Na farko a sa mata kwamfuta. Ƙirar 2002 tana da wurin sawa, kuma mai na'urar zai ga laifin da aka ɓoye da aka kashe fitilar nan. Na biyu a auna ƙarfin silinda huɗun da geji, a cire fulogai a gwada ɗaya bayan ɗaya. Bai kamata bambancinsu ya wuce kamar 10 cikin 100 ba. In biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gaskit ne. In ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan mai a sake aunawa: ta ɗaga, ringi ne, ba ta ɗaga ba, bawul ne. Tunda fulogai suna waje, ka jera su a kan bonet ka duba. Wanda ya fita daban da 'yan'uwansa, ya yi fes kamar an wanke shi ko ya jiƙe da mai, ka riƙe lambar silindarsa.

Malamin Ringim

Ina bin zancen nan tun farko, ba ni da ilimin inji, amma akwai gefen da ya kamata a taɓa. A shari'a, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a jikin hajarsa, kuma wanda ya sayi abu sannan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wannan dattijo ya kyauta da ya kira bakanikensa a gabanka, Allah ya saka masa.

Shawarata, ranar ciniki ku rubuta takarda a gaban shaidu biyu, Baba da kansa ya sa hannu, ba dillali ba. A rubuta lambar shasi da ta inji, a rubuta abin da aka bayyana: ta taɓa tafasa, an canza gaskit, mita ba daidai take ba, ba a canza bel ba. Aibin da ka sani ka kuma yarda da shi, ba ka da ikon dawowa a kansa, don haka rangwamen da za ka nema saboda su, ka nema tun yanzu. Wannan ya fi kare zumunci tsakaninka da dattijon, tunda gari ɗaya za ku riƙa haɗuwa.

Manomin Riɗi, Gagarawa

Na gode Malam, za a yi haka in sha Allah. Na yi magana da Baba, ya yarda a kai ta a auna, har ya ce in an ga wani abu a gaya masa shi ma ya sani. Dillali ne dai ransa bai so ba. Oga, in awon ya yi kyau, me da me zan lissafa a cire daga kuɗin, kuma zan iya tafiya da ita gida in tara kuɗin bel zuwa wata mai zuwa?

Bakaniken Haɗeja

A'a Malam, wannan kam ban yarda ba. Bel ɗin da aka sa tun tana Turai, kada ka ɗauki Hajiya a kansa ko sau ɗaya. Daga ƙofar gidan Baba sai gareji, a hankali. In kuɗin bel ba zai samu yanzu ba, gara motar ta ci gaba da zama inda take har ya samu.

Ka lissafa bel da tenshona da 'yar tayar da yake bi ta kai, da famfon ruwa, duka a canza su rana ɗaya don aikin buɗewa ɗaya ne. Sai tamostat, da mayar da fanka kan tsarinta, da wanke lagireto ko canza shi in ya toshe, da ruwan inji mai launi. Sai juye da filtar mai da ta iska da ta fetur, da ƙwan fitilar da aka kashe. Ka sa bakanikenka ya kira Ƙofar Ruwa ya ji farashin yau a gabanka, ku rubuta, ka kai wa Baba takardar. Wajen bel da famfo kada ka bi araha, a sayo sabo a kwalinsa, ba na Beljiyam da aka ciro daga wani inji ba. Ka tsaya a wurin ana aikin, a ba ka tsofaffin a hannu.

Bayan an mayar da tamostat, a bar ta tana silo har allura ta hau tsakiya, fanka ta kama da kanta ta kuma ɗauke da kanta. A nan ne za a san ko top ɗin ya riƙe. Satin farko kullum da safe ka duba ruwa da geji kafin ka tayar, in ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ka tsaya da ita ka yi mini magana.

Lambobin awon silinda huɗun nan, ka turo su nan da zarar an auna, tare da hoton fulogan a jere yadda aka ciro su.